Rabin Kwalekwale a Shagon Aski

Ginin da ke kusurwar titin ya sauya sana'a fiye da kowane mutum a unguwar. Tsofaffi sun ce da fari ma'ajiyar kaya ce, dogon ɗaki guda mai tagogi can sama kusa da rufi. Daga nan hukumar gari ta mayar da shi ɗakin karatu na yara, kuma a lokacin ne aka kawo wani mai zane ya cika dogon bangon ciki da hotunan wani littafin yara, tun daga ƙofar gaba har ta baya. Da ɗakin karatun ya mutu sai ginin ya zama wurin allurar rigakafi, yaran da suka saba shiga da gudu suka koma shiga da kuka. Bayan haka ya zama ofishin haraji, iyaye suka karɓi kukan daga hannun 'ya'yansu. A ƙarshe aka ga babu abin da ya fi a yanka shi shago uku a zuba 'yan haya.

Maginan da suka yi yankan ba su tsaya kallon hoto ba. Inda igiyar awo ta faɗa, nan suka jera bulo. Farkon labarin ya faɗa shagon Mai Magani, shi kuwa ya rufe shi da kantocin kwalabe. Ƙarshen ya faɗa shagon Mai Taya, wanda ya jibge tayoyi a jikinsa har rufi. Tsakiya ce ta zama rabon Baba Mai Aski, kuma shi kaɗai ne bai rufe nasa ba, don madubinsa a ɗaya bangon yake.

Abin da ke cikin nasa rabon ba shi da yawa. Kogi ne shuɗi wanda ya fara koɗewa. A gaɓa ga wata yarinya tsaye ta ɗaga hannu ɗaya, kyanwa na gefen ƙafarta. A ruwa kuma ga wani mutum mai jar hula cikin kwalekwale, ya ba yarinyar baya yana tuƙi. Katangar bulo ta sare kwalekwalen a tsaka, rabi a shagon aski, hancin yana can wajen Mai Taya. Hoton nan ya yi wa Baba Mai Aski aiki fiye da alewa. In aka kawo masa yaro mai tsoron inji yana tsala ihu, sai ya juya kujera ta fuskanci bango ya ce, "Nemo mini wutsiyar kyanwar can." Kafin yaro ya gama nema, rabin kai ya tafi.

Baba Mai Aski yana da ɗa namiji guda, kuma ɗan nan ya tafi neman aiki wata ƙasa mai nisa, ya bar mata da ƙaramar yarinya. Da farko yana kira a kai a kai. Sai kiran ya fara ja baya, sai ya zama sai an neme shi, sai wata rana lambar ta daina shiga gaba ɗaya. Ba wanda ya ce ya mutu, ba kuma wanda ya rantse ya gan shi da idonsa. Wannan ya ce an ce yana tashar jiragen ruwa, wancan ya ce an ce yana gona. Uwar yarinyar ta kama aiki a wani kamfanin ɗinki, don haka in an tashi daga makaranta, shagon aski yarinyar take wuni har uwarta ta biyo ta ɗauke ta.

Masu zuwa aski ne suka sa mata suna Lauya, saboda ba a faɗa mata magana ta wuce ba ta bi ta da tambaya ba. Tana 'yar mitsitsiya, ƙafafunta ba sa ma kaiwa ƙasa daga benci, wata rana ta kafa wa hoton ido ta ce, "Kaka, ina mutumin nan za shi?"

Kakan yana riƙe da reza a wuyan wani direba. Ya ce, "Ƙetare za shi, nema."

"Kamar Babana?"

"Kamar Babanki."

"To zai dawo?"

Direban ya daina motsi, ba don rezar kaɗai ba. Baba Mai Aski ya goge kumfa a tawul, ya nuna katangar da kan reza ya ce, "Ai ya ma dawo. Hoton dawowar yana bayan katangar nan, wajen Mai Taya. Jirgin ya juyo cike da kaya, yarinyar ta rugo, har kyanwar ta kusa faɗawa ruwa don murna."

Gaskiyar magana ita ce bai taɓa ganin bayan katangar ba. Ya kama hayar shagon ne bayan an riga an jera bulo. Maganar ta fito ne kawai, irin yadda magana take fitowa daga bakin mutumin da yaro ya tsare da ido. Ya ga fuskar yarinyar ta washe, shi ma ya ji wani abu ya sassauta a ƙirjinsa, shi ke nan labari ya zauna.

Ya zauna, ya kuma yi ƙiba. Kullum Lauya ta ce a ba ta dawowar mai jar hula, sai kayan cikin jirgin su ƙaru. Yau takalma masu fitila, gobe keke, jibi kifi na musamman don kyanwa. Masu jiran layi ma suka shiga ciki, kowa yana ɗora abin da shi kansa yake so a kawo masa. Wani tela ya ɗora keken ɗinki, wani malamin makaranta ya ɗora firji, har Lauya ta yanke hukuncin cewa jirgin zai nutse in ba a sauke firjin ba. Aka sauke.

Mai hankali zai ce, to me ya hana tsohon nan ya zagaya ya leƙa? Ƙofar Mai Taya tana nan kusa, in ya yi tari Mai Taya yana ji. Amsar da yake ba kansa ita ce ba sa ga maciji da juna. Rigimar tasu ta magudanar ruwa ce. Ruwan sabulun shagon aski yana gangarawa ya kwanta a ƙofar Mai Taya, Mai Taya ya tare shi da tsohuwar taya da yashi, ruwan ya koma wa mai shi. Aka yi cacar baki a gaban jama'a, aka ambaci gemu, aka ambaci tumbi. Tun daga nan sai gaisuwar da ba a buɗe haƙori. Gabar gaskiya ce, amma ta yi wa Baba Mai Aski rana, don ta ba shi dalilin da zai hana shi dubawa ba tare da ya kira abin tsoro ba.

Ana nan, shekara ta bi shekara, Lauya ta yi tsawo har ta fara taya shi share gashi, sai hukumar gari ta tuna tana da gini. Aka zo aka sanar cewa za a mayar da shi ɗakin karatun yara kamar da, za a rushe katangun raba shaguna, a wanke hoton a fito da shi gaba ɗaya. 'Yan haya kuma za a ba su ƙananan shaguna a tsallaken titi. Mai Magani ya yi ta mita kan yadda zai kwashe kwalabe. Mai Taya ya buga tsaki ya ci gaba da aikinsa. Baba Mai Aski kuwa hankalinsa ne ya tashi, kuma ba don shago ba. Kujera da madubi da inji ko a gindin bishiya sai su yi aiki. Katangar ce damuwarsa.

Da yamma surukarsa ta biyo ɗaukar yarinya. Ta aiki Lauya ta wanko hannu a famfon waje, sannan ta tsaya daga bakin ƙofa, zaren kamfani na manne a gyalenta, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, na ji katangar nan za ta faɗi."

"Haka suka ce."

"Yarinyar nan da labarin nan ta girma. Ni ban taɓa ƙaryata ka a gabanta ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Amma ka san abin da ke baya?"

Ya ci gaba da shara, ko da yake babu ko silin gashi a ƙasa. Ya ce, "Littafin yara ne, 'yar nan. Littafin yara ai da daɗi yake ƙarewa."

Ta dube shi da tausayi, irin kallon da ya fi faɗa ciwo. Ta ce, "Allah ya sa." Ta kama hannun 'yarta suka tafi.

Abin da ya ƙara tayar masa da hankali shi ne shirun Lauya. Yarinyar da ke tambayar dalilin da ya sa kunne yake da gashi, ga ta an ce za a rushe katanga amma ba ta ce uffan ba. Sai ta zauna a benci ta yi aikin makaranta, ta ɗaga kai ta dube shi, ta mayar. Shi kuwa ya fassara shirun da cewa ɗoki ne ya cika ta har ya hana ta magana. Ya riƙa hango ta ranar buɗewa, sanye da kayanta masu kyau, tana bin bango da yatsa tana neman jirgin da ya juyo.

Don haka wata safiya ya haɗiye girman kansa, wanda ya tsaya masa a wuya kamar busasshen burodi, ya zagaya shagon Mai Taya ya yi sallama.

Mai Taya ƙaton mutum ne mai hannaye baƙaƙe da roba. Yana zaune kan taya yana duba bawul. Ya amsa sallamar, ya dubi ƙafafun baƙon nasa ya ce, "Yau ruwan sabulun bai samu zuwa ba, sai ya aiko mai shi?"

Baba Mai Aski ya danne zuciyarsa. Ya ce, "Maƙwabci, alfarma na zo nema. Hoton da ke bayan tayoyinka nake son gani."

Mai Taya ya ajiye bawul ɗin. Ya daɗe yana kallonsa, wani irin kallo da Baba Mai Aski bai gane kansa ba. Sannan ya ce, "Ni taya nake sayarwa, Malam, ba hoto ba."

"Layi ɗaya kawai za a matsar. Ni zan ɗauka da kaina."

"Da wannan bayan naka? Ka bari. Ka bar bangon nan ya huta har masu shi su zo. Shawara nake ba ka."

"Ban zo neman shawara ba."

"To ita kaɗai gare ni yau."

Baba Mai Aski ya fito ransa a ɓace, yana faɗa wa kansa cewa mugun hali ba ya tsufa, kuma laifinsa ne da ya kai kansa. Ranar nan duk wanda ya zauna a kujerarsa ya sha labarin rowar Mai Taya, har da waɗanda gyaran gemu kawai ya kawo su.

Aka kwashe kaya, aka tsallaka titi. Sabon shagon ƙarami ne, bangonsa fari fat, babu kyanwar da za a nemi wutsiyarta. Daga ƙofarsa yana ganin tsohon ginin, an yafa masa koriyar raga, leburori suna shiga da guduma suna fitowa da baro cike da fasasshen bulo. Kowane bugu sai ya ji shi a haƙoransa. Da ƙarar ta lafa, ƙura ta kwanta, sai ya rataye tawul, ya ce wa mai jiran layi yana zuwa, ya tsallaka.

A ciki ya tarar da wata matashiya zaune kan katakon da aka ɗora bisa durom biyu, ta ɗaure kanta da ɗankwali mai ɗigon fenti, tana goga auduga a bango a hankali kamar mai wanke ciwo. Ita ce mai zanen da aka ɗauko don gyaran hoton, leburorin suna kiranta Malama. Ya gaishe ta ya ce, "'Yata, ƙusar madubina na manta."

Ta yi murmushi. "Baba, ƙusoshi kam an zare su duka. Amma shigo, ai kai ne mai shagon tsakiya, ko? Naka ya fi ko'ina lafiya. Na gode maka."

Bai taɓa sanin ginin yana da tsawo haka ba. Haske yana zubowa daga tagogin sama, bangon ya miƙe daga ƙofa zuwa ƙofa, da tabon siminti a inda katangu suka tsaya. Ya fara daga rabon Mai Magani. Ga gida a bakin kogi, ga mai jar hula yana gyaran kwalekwale, yarinyar tana miƙa masa guduma. Ya wuce nasa rabon, wanda ya sani kamar tafin hannunsa. Ya ga hancin kwalekwalen a karo na farko, ashe har da ɗan tsuntsu zaune a kai. Daga nan bangon ya yi baƙi ƙirin da ƙurar roba, Malama ba ta kai nan ba tukuna. Sai wuri guda, kewayayye, mai faɗin babbar taya, wanda ya fi sauran haske.

Malama ta ce daga inda take, "Wani ya taɓa goge nan da jiƙaƙƙen tsumma, an daɗe. Ya ɗan ci fentin, amma da kula aka yi."

Bai ma ji ta sosai ba, don idonsa ya riga ya shiga cikin da'irar. Ɗaya gaɓar kogin ce. Ruwan sama yana zuba. Mai jar hula ya jawo kwalekwalensa tudu, ya kife shi bisa sanduna ya yi rumfa da shi. Yana zaune a ƙarƙashi yana dariya, yaran wancan gari sun kewaye shi sun fake, ɗaya ma ya hau cinyarsa. Bayan wannan babu komai sai ƙofar baya.

Baba Mai Aski ya nemi wurin zama bai samu ba, ya dafa durom. Da a ce jirgin ya ɓace cikin hazo ne, da ya san yadda zai juya maganar. Amma jirgin da aka kife aka yi rufi da shi ba ya komawa ko'ina, kuma yaron da ke kan cinyar nan ya fi komai sukar sa.

Ya ce, "'Yata, nan ne ƙarshe?"

"Nan bangon ya ƙare."

"Littafin fa?"

"Mun nema, Baba. Ba wanda ya san ma sunansa. Wanda ya zana ya rasu tuni." Ta sauko daga katakon, tana goge hannu. "Lafiya dai?"

Bai yi niyyar faɗa mata ba, amma masu aski sun saba da sauraron cikin mutane, ba su saba da riƙe nasu ba in aka tambaye su a hankali. Ya faɗa mata komai, ɗan da ya tafi, lambar da ta daina shiga, jikar da ke jiran ranar buɗewa. Sannan ya zo kan abin da ke ransa. "Ga ruwa nan fili guda tsakanin gaɓa da gaɓa. Ki ɗan sa wani ƙaramin jirgi, hancinsa yana duban gida. Ko kamar ɗan yatsa ne. Ba wanda zai sani."

Malama ta dubi filin ruwan. Ya ga idonta ya kawo ruwa, ya ɗauka ya yi nasara. Sai ta ce, "Baba, da bangona ne, wallahi da na zana maka jirgi har da mutum a tsaye yana ɗaga hannu. Amma aikina in fito da abin da ke nan ne. Ka ga kunnen kyanwar can da siminti ya ci? Ko shi zan cike ne da launi mai haske, don duk wanda ya matso ya gane nawa ne, ba na mai shi ba. In na fara ƙari, gobe wani zai zo ya ce a cire masa ruwan saman."

"Yarinya ce fa."

"Na sani." Ta dubi ƙofar baya. "Mai yiwuwa littafin bai ƙare a nan ba, bango ne ya ƙare masa. Kana iya gaya mata haka."

Ya gode mata, don ya san da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma ya san jikarsa. Ba a banza ake ce mata Lauya ba. Za ta ce, to me ya sa ka ce ka san hoton dawowar yana nan? Daga nan kuma sai ta bi duk sauran maganganun da ya taɓa faɗa mata game da ubanta, ɗaya bayan ɗaya, ta ga wanne ne zai tsaya. Abin da yake tsoro ke nan, ranar da yarinyar za ta dube shi ta daina yarda da bakinsa.

Washegari da rana tsaka ya ga Malama da leburorinta sun fita cin abinci, sun jawo ragar sun rufe ƙofa ba su kulle ba. Tunanin da ya zo masa irin wanda sai mai aski ne zai yi shi. Ya ɗauko ɗan kwanon roba, ya dama baƙin rinin da yake shafa wa tsofaffin da ba su yarda sun tsufa ba, ya zaɓi siririn burushin da yake gyara layin gemu da shi. Rinin nan ya san shi sarai, in ya kama ba ya fita da sabulu. Wanda ya shekara da shekaru yana fitar da layin goshi ba tare da ya karkace ba, ai ɗan jirgi ba zai gagare shi ba. Ya rufe kwanon da tawul kamar mai kai wa maras lafiya abinci, ya tsallaka titi.

Ya tsaya gaban filin ruwan, tsakanin tsuntsun da ke hancin jirgi da da'irar nan mai haske. Ya zaɓi wuri. Ya tsoma burushi, ya share shi a bakin kwano, ya ɗaga hannu. Ya tuna fuskar Malama da audugarta, ya ji kunya ta kama shi, amma bai sauke hannun ba.

"Kaka, akwai mutum zaune a kujerarka yana jira."

Lauya ce a bakin ƙofa, jakar makaranta a baya, safa ɗaya ta zame. Ta dubi kwanon, ta dubi burushin, ta ce, "Bangon ne ya yi furfura?"

Ya yi sauri ya matsa ya tare da'irar da jikinsa. Ya ce, "Je ki ce masa ina zuwa. Nan akwai ƙura, za ta sa ki tari."

Ba ta tafi ba. Ta tako a hankali tana tsallake ɓaraguzan bulo har ta zo gabansa. Ta ce, "Ba sai ka tare ba, Kaka. Na san shi. Ya kife jirgin ya yi rumfa. Ana ruwa. Akwai yaro a cinyarsa."

Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Ni na gani. Tun ina aji biyu." Ta gyara igiyar jakarta. "Ranar da ka tafi jana'izar abokinka ka bar ni wajen Mai Magani. Na zagaya na roƙi Baba Mai Taya. Ya ce in tafi, na ƙi tafiya. Sai ya sauke tayoyin shi kaɗai, ya goge da tsumma, ya ɗaga ni na gani. Na yi kuka, ya ba ni ruwa na wanke fuska. Ni na ce kar ya gaya maka, ya ce to."

Baba Mai Aski ya tuna irin sunayen da ya kira mutumin nan a gaban masu gyaran gemu, kunya ta biyu ta hau kan ta farko. Da ƙyar ya ce, "Amma kika ci gaba da cewa in ba ki labarin."

"Kai ne kake son sa." Ta faɗa ba tare da zargi ba, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. "In ba ka ba da shi, titi kake kallo ta madubi. Ko kana aski, in mota ta tsaya sai ka duba wanda zai fito. Amma in kana faɗin kayan cikin jirgi, sai ka yi ta dariya."

Duk shekarun nan yana ganin shi ne yake riƙe da yarinyar, yana auna kowace kalma don kada ta ji ciwo. Ashe tana zaune a benci da nata nauyin, tana sauke firji daga jirgin da ta san an kife.

Lauya ta ɗaga kai ta dube shi sosai. Muryarta ta yi ƙasa, ta koma ta ƙaramar yarinya. "Kaka, bar mai jar hula. Babana nake tambaya. Zai dawo?"

Tsohuwar amsar tana nan a kan harshensa, a shirye, ta saba fita. Ya buɗe baki, ya dubi idon yarinyar, ya ga ba ita take jira ba. Ya ce, "Ban sani ba, uwata. Wallahi ban sani ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Ni ma."

Sai kuka ya ƙwace masa, rinin ya fara tangal-tangal a bakin kwano yana neman zuba a ƙasa. Lauya ta sa hannu biyu ta karɓa, ta zare burushin daga yatsunsa ta kwantar a ciki. Ta tsaya a gefensa, kafaɗarta tana taɓa gwiwar hannunsa, ta riƙe masa kwanon har ya gama kuka.